Buga takardun kolaj da farantin jel: daga haɗa faranti zuwa wanke rola

Mai aikin kolaj, wato zanen da ake haɗawa da yage-yagen takarda ana mannawa, abin da ya fi ba shi wahala shi ne samun takarda mai launin da yake so. Tsofaffin mujallu ba su cika samuwa ba, kalandar bara shafi goma sha biyu ce kawai, takardar launi ta kantin littattafai kuma launinta lami ne, babu zane babu zurfi. Farantin jel shi ke raba mutum da wannan jiran. Faranti ne mai laushi kamar roba, ana shafa masa fenti da rola, a danna masa ganye ko leshi ko wani abu mai zane, a ɗora takarda a shafa da tafin hannu, a ɗaga. Babu injin matsi, babu sassaƙa. Kowane bugu ɗaya ne tak, ba ya maimaituwa, kuma a zama guda mutum na iya fitar da takarda talatin ko arba'in.

Aikin gaba ɗaya a kan abu biyu yake tafiya, kaurin fenti da lokacin ɗaga takarda. A Kumasi yanayi yana sa baki a duka biyun, don fentin da ke jiranka a watan Yuni ba zai jira ka a Janairu ba.

Faranti: na saye ko na haɗi

Na saye shi ne irin wanda kamfanin Gelli Arts na Amurka ya fitar a 2011, wasu kamfanoni suka biyo baya. Da roba da man ma'adinai aka yi shi, babu jelatin (garin da ke daskarar da jeli) a ciki, zafi ba ya narkar da shi, kuma yana shekaru idan ana kula da shi. Sai dai galibi sai an yi odarsa daga waje. Na haɗi kuwa a kicin ake yinsa, da abu uku: garin jelatin marar ɗanɗano gram 70, gilisarin mililita 350, ruwa mililita 350. Wannan yana cika tire mai faɗin santimita 20 da tsawon 25 har kauri ya kai kusan santimita ɗaya da rabi. Wanda ya fi wannan siranta yagewa yake yi wajen cirewa.

Jelatin ana samunsa wurin masu sayar da kayan yin kek. Garin jeli mai sukari da launi na yara ba shi ake nufi ba, wannan tururuwa kawai zai tara maka. Kuma tun da yawancin jelatin daga fatar alade ko fata da ƙashin saniya ake fitar da shi, a duba kwali a ga tambarin halal, ko a ga an rubuta na saniya ne. Na kifi halal ne amma ya fi saurin narkewa, bai dace da zafinmu ba. Agar, wanda ake samu daga ciyawar teku, yana jure zafi sosai, amma farantinsa ba ya lanƙwasa, tsagewa yake. Gilisarin kuma a kemis yake, ko wurin masu sayar da kayan haɗa man shafawa da sabulu. A nemi tsantsa, wanda ba a gauraya da turare ko ruwan wardi ba.

A zuba ruwan sanyi mililita 120 da rabin gilisarin a kwano, a barbaɗa jelatin a kai kaɗan-kaɗan ana juyawa, a bar shi minti goma ya sha ruwa ya kumbura. Idan aka juye garin gaba ɗaya cikin ruwan zafi, gudaji zai yi, cikinsu a bushe. Bayan nan a kawo sauran ruwan, mililita 230, wanda aka sauke daga wuta yanzu, a zuba a ci gaba da juyawa a hankali. Ba kaɗa miyar kuka ake yi ba, duk iskar da ta shiga kumfa za ta zama. In akwai sauran gudaji, a ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi har haɗin ya yi garau. Kada a bari ya tafasa, tafasa tana kashe ƙarfin jelatin. A ƙara ragowar gilisarin, a tace da rariya cikin tiren.

Tiren ya zama mai santsin gindi, na gilashi ko na roba marar rubutu, domin fuskar da ta kwanta a gindin ita ce za a yi aiki da ita, kuma duk wani ƙarce da ke tiren zai fito a jikinta. A ajiye a wuri mai daidaito kafin a zuba. Kumfar da ta taso sama a ja ta gefe da tsinken jarida, ko a fesa mata sifirit ta fashe. A bar shi awa biyu ba a taɓa ba, sannan a sa a firji ya kwana, ban da wurin ƙanƙara. In an ɗauke wuta ba komai, zai daskare a ɗaki mai sanyi, jinkiri kawai zai yi. Da safe a bi gefe da yatsa, a ɗaga kusurwa ɗaya iska ta shiga, a kife shi a kan gilashi ko tayil. Ya sha iska kwana ɗaya ko biyu kafin a sa masa fenti. Zai ɗan tsuke, haka yake.

Yawancin haɗin da ake gani a intanet jelatin ɗinsu bai wuce gram 50 ba a wannan adadin ruwa. Masu shi a ƙasashen sanyi suke. Jelatin yana fara saki tun zafi bai kai na jikin mutum ba, kuma ɗakin kwano a unguwar Asawase ko Aboabo da azahar a watan Maris ba wasa ba ne. Shi ya sa aka ɗaga shi zuwa 70. In duk da haka farantin yana manne wa yatsa, a yayyanka shi, a narke a kan ruwan zafi, a ƙara gram 10 da aka jiƙa, a sake zubawa. Wannan ita ce babbar falalar na haɗi: ya tsage, ya ƙarje, ya yi rami, duk narkewa ɗaya ce ta gyara shi.

Sauran kaya

Rola ta roba mai laushi, faɗin santimita 10, irin ta masu bugun zane. Rolar soso ta masu fentin gida tana shanye fenti tana barin kumfa. Ana samun ta roba a shagunan kayan zane na Adum da na kewayen jami'ar KNUST, inda ɗaliban zane ke sayayya.

Fenti akirilik. Na ɗalibai mai araha ya isa. Launi biyar sun wadatar a fari: ja, shuɗi, rawaya, fari da baƙi, farin kuma a sayi babba don shi ke fara ƙarewa. Fosta kala ba ta yi, domin ko ta bushe, gam na taɓa ta za ta jiƙe ta dame. Fentin mai na ƙofa da taga kuwa kada ya kusanci farantin.

Takarda ita ce inda masu farawa ke ɓarnar kuɗi. Don kolaj, siririya ake so. Takardar fotokofi mai gram 80 ita ce ta yau da kullum, rim ɗaya shafi 500. Jarida ta fi ta siranta, tana kwanciya luf a ƙarƙashin gam, rubutunta kuma yana leƙowa ta cikin launi ya ba da kyau, sai dai tana yin ja da daɗewa. Takardar buhun siminti, a kakkaɓe a goge da ɗanyen tsumma, tana da ƙarfi da launin ƙasa mai daɗi. Masu ɗab'i na Asafo suna da tarin gefen takarda da suke yankewa, a tambaya. Farar takarda shara-shara da ake naɗe sabon takalmi da ita tana ɓacewa cikin gam ta bar zanen kaɗai. Abu biyu a kiyaye: takardar hoto mai sheƙi tana kama faranti har ta ɓantare fuskarsa, sannan duk shafin da ke da aya ko sunan Allah a ware shi tun kafin a fara, tun da aikin na yaga ne da zubar da saura.

Kayan zane kuwa ba a saya. Ragar buhun albasa, guntun leshi daga wurin tela, kwali da aka ɓare fuskarsa ɗaya layukan suka fito, matajin roba, zare, murfin kwalba, ganyen darbejiya, na rogo, na gwanda. Ganye ɗanye ya fi, kuma bayansa ake dannawa inda jijiyoyi suka fito. Tambarin adinkra (zanen gargajiyar Asante) na ƙwarya da ake sassaƙawa a garin Ntonso yana ɗauke fenti tsaf, amma a danna shi da sauƙi don bakinsa na da kaifi. Wanda ya iya reza sai ya yanka dagi ko aska takwas a jikin tsohon fayil na roba, ya sami sitensil da zai daɗe.

Bugun farko

A jera komai kafin a buɗe fenti: faranti a tsakiya, takardu a dama, kayan zane a hagu, wata takarda ta goge rola a gefe. A kashe fanka.

A ɗiga fenti kamar ƙwayar gyaɗa biyu ko uku, ba fiye ba. A murza rola sama da ƙasa, sannan gefe da gefe, ana ɗaga ta a ƙarshen kowane zuwa don ta juya, in ba haka ba wuri ɗaya na rolar ne zai yi ta taɓa wuri ɗaya na farantin. Kunne yana taimakawa a nan. Fenti daidai sautinsa siriri ne, shuu. In ana jin caɓ-caɓ, ko rola na zamewa ba ta juyawa, ya yi yawa, a rage a kan takardar gefe. Ya kamata a riƙa hango farantin kaɗan ta cikin fentin.

A danna ragar albasa a ɗaga, a ɗora takarda, a shafa da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe, a kama kusurwa a ɗaga a hankali ba tare da tsayawa ba. Nan take a ɗora wata takardar a kan abin da ya rage. Wannan bugu na biyu, mai dishi-dishi, sau da yawa ya fi na farko amfani a kolaj, domin shi ke ba da launuka masu haske da ake buƙata a baya.

Da ganye ko sitensil kuwa bugu biyu ake samu masu bambanci. A shimfiɗa ganyen a kan fenti, a ɗora takarda a shafa har cikin lungunan ganyen: za a sami launi da farar siffar ganye. Sai a cire ganyen da sauri a ɗora sabuwar takarda: yanzu ganyen ne zai fito da jijiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, kewayensa fayau.

A tuna bugu madubi ne. Duk harafin da aka rubuta ko aka ɗora a faranti a juye zai fito, boko ne ko ajami.

Lokaci shi ne abin da yanayi ke canjawa. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, siririn akirilik yana iya bushewa kafin a gama gyara zaman ganye. Alamar ita ce takarda ta taso fara-fara, fenti ya zauna a faranti. Maganinsa aiki da sassafe, ko ɗigo biyu na ruwan jinkirta bushewa da ake sayarwa tare da akirilik. Ɗigon gilisarin ɗaya a kan tsinke ma yana yi, amma in ya yi yawa takardar za ta kwana da danƙo. Da damina matsalar juyawa take: gilisarin yana jan laima daga iska, farantin haɗi ya yi gumi, fenti ya riƙa tattaruwa ɗigo-ɗigo. A dafa masa busasshiyar takarda sau biyu kafin a fara. Sabon farantin saye ma yana wannan tattaruwar saboda maiƙon jikinsa, bugu biyar ko shida yake dainawa.

Hawa-hawan launi

Takarda mai launi ɗaya ba ta da labari. Ana mayar da ita kan faranti sau biyu ko uku, kowane hawa ya bushe kafin na gaba. A fara da mai haske a ƙare da mai duhu: rawaya a shafe, sannan ja ta cikin leshi, sannan shuɗi mai duhu da ganye ya kare wasu wurare. Ja da kore, shuɗi da ruwan goro, rawaya da shunayya, in suka haɗu a jiƙe ruwan taɓo suke bayarwa. A bushe kuwa, ɗaya a kan ɗaya, suna haska juna.

Akwai hanya ta biyu wadda ta fi ba da sakamako mai zurfi, kuma ita ce ta fi bukatar haƙuri. Maimakon a kwashe kowane hawa, sai a bar shi ya bushe a kan farantin. A sa baƙi ta cikin sitensil, a cire sitensil, a jira ya bushe sarai. A ƙara ɗigon ja nan da can, ya bushe. Daga ƙarshe a shafa siririn fari a kan duka, a ɗora takarda tun yana jiƙe, a shafa sosai, a aza littafi mai nauyi, a tafi. Farin shi ne gam ɗin da zai kamo busassun hawa na ƙasa. Minti goma da hunturu, rabin awa ko fiye da damina. A taɓa bayan takardar: in da sanyi-sanyi, da sauran ruwa. A ɗaga kusurwa a leƙa, in fenti bai biyo ba a mayar a ƙara jira. Gaggawa ce ke sa rabi ya taso rabi ya zauna. In kuma takardar ce ke yagewa tana barin gashi a faranti, ta yi laushi da yawa ko farin ya yi kauri ya jiƙa ta. A wannan hanya jerin juyawa yake: abin da aka fara sawa a faranti shi zai zama a sama a kan takarda.

Da wannan dabarar ake ɗauko hoto daga mujalla mai sheƙi ko daga fotokofi. A shafa baƙin fenti siriri ƙwarai, a kifa hoton, a shafa da sauƙi na ɗan daƙiƙoƙi, a ɗaga. Farin wurin takardar yana shanye fenti, wurin da tawada ta yi kauri kuma yana ƙin sa, sai hoton ya zauna a faranti. Ya bushe, a kwashe da fari kamar yadda aka faɗa. Hoto mai baƙi da fari ƙarara ake so. Fotokofi na garin tona yana yi, musamman in an buga shi da duhu, amma na firinta mai ruwan tawada ba ya yi, don tawadarsa nutsewa take cikin takarda. Ko a hannun gwani wannan dabara tana ƙi sau da yawa, kuma mujalla wata ta fi wata, saboda haka a gwada da shafin da ba a damu da shi ba. A nan rubutu daidai yake fitowa, tun da ya juya sau biyu.

Daga bugu zuwa kolaj

Kuskuren da aka fi yi shi ne a buga takarda arba'in duk masu ihu, duk matsakaitan duhu. In aka zo mannawa ido ya rasa wurin hutawa. A kowane zama a ware kaso: masu haske, matsakaita, masu duhu sosai, da wasu masu launi ɗaya shiru. A shimfiɗa su a ƙasa a ɗauki hoto da waya a mayar da shi baƙi da fari, nan da nan za a ga abin da babu.

Takarda tana da hanya kamar nama. Ta wani gefen tana yaguwa miƙe, ta ɗayan tana karkacewa. Ɓarin da aka ja sama wajen yaga da ɓarin da ya zauna ba bakinsu ɗaya ba, ɗaya yana fitowa da farin baki, ɗaya babu. Farin bakin yana raba siffa da ta kusa da ita kamar an zana layi, a zaɓa da gangan.

Gam: farin gam na kafintoci, a sirka da ruwa kaɗan har ya yi kaurin kunu. A shafa a allon da za a manna a kai da bayan takardar duka, a jira daƙiƙoƙi takardar ta miƙe, a ɗora, a bi da tsohon katin banki daga tsakiya zuwa gefe. Takardar da aka manna a bushe ita ce ke kumbura daga baya ta yi tamoji. Kokon sitaci yana riƙewa, amma kyankyaso da gara suna sonsa, da damina kuma yana fumfuna. Allon ya zama kwali mai kauri ko filawud da aka yi wa farin fenti, a kuma manna takarda ɗaya a bayansa don kada ya lanƙwashe. In an gama a rufe da takardar gashin kek, a danne da nauyi ya kwana.

Wanki da ajiya

Faranti ba ya bukatar wanki tsakanin launi da launi. Ɓurɓushin da ya bushe a gefe yana tasowa a bugu na gaba ya ƙara kyau. A ƙarshen aiki a yi bugun fari guda a kwashe saura, ko a manna faffaɗan salatif a ɗaga. Na saye ana wanke shi da ruwa da sabulu mai laushi, tabon da ya ƙi fita a murza masa man jarirai a goge. Launin da ya rina cikinsa ba ya shafar bugu. Na haɗi ba a jiƙa shi, ba a sa masa ruwan ɗumi, ɗanyen tsumma kawai sannan busasshe. Kananzir, fetur da tina ba su da wuri a nan, haka wuƙa, biro da farce.

Rola a murje ta a takarda har ta daina ba da launi, a wanke da sabulu tun fentin bai ƙame ba, a kula da gefuna inda yake taruwa. In ya riga ya ƙame a jiƙa ta a ruwan sabulu awa ɗaya, zai ɓare kamar fata. A ajiye ta a kife, robar tana kallon sama, in ba haka ba gefen da ya kwanta zai baje ya riƙa barin layi. Ruwan wankin a bar shi a bokiti ya kwana, a tsiyaye na sama, lakar a goge da jarida a sa a shara maimakon a tura ta kwata.

Hannu ma a duba. Akirilik in ya bushe fata yake yi a kan farce da gefen yatsu, ruwan alwala ba ya ratsa shi. A shafa man kaɗe kafin a fara aiki, fentin zai fita da sauƙi da sabulu.

Faranti a kwance ake ajiye shi, tsakanin gilashi biyu ko roba mai santsi, cikin mazubi mai murfi saboda ɓera da tururuwa, nesa da taga. Leda mai tamoji tana bar masa shaida, kuma na saye yana zubar da maiƙo a kan katako ko kwali in ya daɗe a kai. Na haɗi in ya yi ɗigon fumfuna a yanke wurin, a narke sauran, a tace a sake zubawa. Takardun da aka buga kuma kada a tara su fuska da fuska, zafi yana sa akirilik ya manne wa ɗan'uwansa. A shanya su awa guda a igiya, sannan a jera fuska da baya cikin fayil uku, na haske, na tsaka da na duhu.